Zaren da Ya Maƙale a Mita 12: Nazarin Wani Nutso a Tafkin Goronyo

Injin ya faɗa ruwa ne da hantsi, a ƙarshen damina, lokacin da tafkin madatsar ruwa ta Goronyo yake cike. Kwalekwalen haya ne, ya ɗauko mutane da buhunan gero daga wani ƙauye na hayin tafkin. Ƙafar injin ta daki kututturen da ruwa ya rufe, kusoshin da ke damƙe shi da katakon baya sun riga sun yi sako-sako, kuma ba a ɗaura masa igiyar tsaro ba. Babu wanda ya ji ciwo. Sai dai injin mai ƙarfin doki 40 ne, nauyinsa ya haura kilo 70, kuma shi ne duk jarin mai jirgin.

Sarkawan wurin sun gwada irin nasu nutson na riƙe numfashi. Zurfin ya kai kusan mita 12, don haka kafin mutum ya taɓa ƙasa ya laluba sau biyu, ƙirjinsa ya fara neman sama. Da abin ya gagara, sai wani dattijo daga cikinsu ya aika aka kira ɗan ƙanwarsa daga Sakkwato, matashin da ya yi 'yan shekaru yana aiki da masu nutso a Legas, ya dawo gida da tukwanen iska biyu da sauran kayan aiki. Abin da ya biyo baya na tattara shi daga bakin su biyun da mai jirgin, kuma sun nemi a sakaya sunayensu.

Dalilin rubuta shi a fili yake. Tun bayan kifewar jirgi a Shagari a watan Afrilun 2022, wadda ta ci rayuka fiye da 20, da ta watan Agustan 2025 a hanyar kasuwar Goronyo, ana ta maganar a sama wa masu nutso na gida kayan zamani. Duk wanda ya tashi magana, tukunyar iska da rigar ruwa yake lissafawa. Ba kasafai ake jin wani ya ambaci zare da abin naɗe shi ba, alhali a wannan lamarin su ne suka kusa kashe mutum.

Ruwan da kayan

An kammala madatsar Goronyo a 1984 a kan gulbin Rima, tsayin bangonta kusan mita 21 ne. Ke nan ba ruwa ne mai zurfin teku ba. Wahalarsa daban ce. Bayan damina launinsa kamar kunun tsamiya yake, daga mita uku zuwa ƙasa mutum ba ya ganin tafin hannunsa. A ƙasa akwai laka, da itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka tare gulbin, da guntayen kalli da suka tsinke, da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Ga kuma ɗan jan ruwa a tsohuwar hanyar gulbin, wanda ba a gane shi daga sama.

Cikin kayan matashin akwai balan-balan ɗin alama: doguwar jaka mai launin ruwan goro, tsawonta ya ɗara mita ɗaya, tana cin iska kamar lita 12. Mai nutso yana sauka da ita a naɗe. Idan zai hau, sai ya zuba mata iska yana ƙasa ya sake ta, ta harba sama tana jan zare, ta tsaya a tsaye a kan ruwa. Aikinta biyu ne: ta nuna wa masu jirgi inda mutum yake don kada farfela ta same shi, kuma zaren ya zama masa abin bi yayin hawa a hankali.

Abin naɗe zaren iri biyu ne. Akwai ril, mai mariƙi da hannun juyawa da kunamar da ake dannawa zare ya fita, a saki ta tsaya. Yana ɗaukar zare mai yawa, daga mita 30 har fiye da 100, kuma naɗewa da shi ba wuya. Akwai kuma ƙwarƙwaro, ɗan faifan roba mai tauri ko na ƙarfe da rami a tsakiya da ƙananan huji a gefe, ba mariƙi, ba birki, ba wani abin da ke motsi a jikinsa. Yawancinsu mita 15 zuwa 30 ne. Masu nutso cikin kogunan ƙarƙashin ƙasa, musamman a jihar Fulorida ta Amurka, su ne suka yayata shi, don su mutane ne da ba sa yarda da duk abin da zai iya cijewa a cikin duhu.

Matashin yana da duka biyun. Ril ɗin sabo ne, mai mita 50, ya biya shi da kuɗin da ya ninka na ƙwarƙwaron sau da yawa. Ƙwarƙwaron kuwa ya bar shi cikin jaka a bakin ruwa.

Abin da ya faru a ƙasa

Shirinsa bai yi muni ba a baki. Aka jefa bulo ɗaure da igiya a inda mai jirgin ya nuna, ya bi igiyar ya sauka, ya ɗaura bakin zaren ril ɗin a jikin bulon, ya riƙa zagaye shi yana laluben ƙasa, duk zagaye ɗaya ya ƙara sakin zare. Wannan ita ce hanyar da ake neman abu a ruwan da ba a gani, kuma ril ya dace da ita. Ya yi kusan minti 25 bai sami komai ba. Da ya juyo yana naɗe zaren, sai ya tarar jan ruwa ya sa bulon ya gangara, igiyar sama ta kwanta ta sarƙe da reshe. Ya kwance zarensa, ya yanke shawarar hawa da balan-balan.

Ya ɗaura ta a bakin zaren ril ɗin nan dai da ya gama bincike da shi. Ya zuba mata iska daga abin shaƙa na biyu, wato na ko-ta-kwana da ke haɗe da tukunyarsa, ya zuba da yawa. Ril ɗin kuma yana maƙale da ƙugiya a zoben ƙirjin rigarsa ta nutso, wadda ake zuba wa iska don daidaita nauyin mutum a cikin ruwa. Ya danna kunama ya saki. Zare ya fita kamar mita huɗu, sai ya cije.

Lissafin abin da ya biyo baya ba shi da wuya. Lita ɗaya ta iska a cikin ruwa tana ja sama da ƙarfin kilo ɗaya. Kuma iska tana kumbura yayin da take hawa, bisa ƙa'idar da Robert Boyle ya wallafa a 1662: idan matsi ya ragu da rabi, girman iskar ya ninka. A mita 12 matsin ya ɗara ninki biyu na wanda ke saman ruwa, don haka jaka mai lita 12 ba ta buƙatar ko rabin cikinta a can ƙasa, da kanta za ta cika kafin ta fito. Shi kuwa ya cika ta fiye da rabi. Ta tashi da ƙarfi, tana ƙara ƙarfi, tana jan mutumin da ke ɗaure da ita. Yayin da yake tashi, iskar da ke cikin rigarsa ita ma tana kumbura. Da balan-balan ɗin ta fito sarari yana wajen mita huɗu, amma rigar ta riga ta karɓi aikin, ta ƙarasa da shi.

Ƙa'idar hawa ita ce kada a wuce mita 9 zuwa 10 a minti, a kuma tsaya minti uku a mita biyar. Hawan da ya kamata ya ci fiye da minti huɗu, shi a cikin 'yan daƙiƙu ya yi shi.

Abu ɗaya ya cece shi, bayan kiyayewar Allah: bai riƙe numfashi ba. Ya buɗe maƙogwaro yana fitar da iska har ya fito. Mutane da yawa in sun ji irin wannan, cutar kumfar naitirojin suke fara tunawa, wato wadda ke kama mai nutso idan iskar da ta narke a jikinsa a ƙasa ta yi kumfa saboda saurin hawa. A wannan nutson ba ita ce babbar barazana ba, domin jadawalin iyakar lokacin zama a ƙasa da aka fi koyarwa da shi ya ba mita 12 minti 147, shi kuwa 25 ya yi. Huhu ne ke cikin haɗari. Wanda ya shaƙi iskar tukunya ya riƙe ta, tashin mita ɗaya da 'yan kai a kusa da sama ya isa ya yaga huhunsa, iska ta shiga jini ta toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. A nan ne nutson Sarkawa da na tukunya suka raba hanya. Basarke iskar sama yake sauka da ita, ta matse a ƙasa, ta dawo yadda take, ba abin da zai fashe. Shi ya sa gwanin riƙe numfashi, in an ɗora masa tukunya ba horo, ya fi kowa shiga haɗari: abin da ya saba da shi tun yana yaro shi ne zai cuce shi.

Aka jawo shi cikin jirgi, aka kwantar da shi. Ba ciwon ƙirji, ba tarin jini, ba mutuwar gaɓa ko jiri. Duk da haka aka kai shi asibiti aka duba ƙirjinsa, aka sa masa ido har kwana ya zagayo, don alamun kumfar naitirojin kan iya jinkirta zuwa sa'o'i. Da abin ya ɓaci, maganinsa ɗaki ne na musamman da ake mayar da mutum cikin matsi, kuma irinsa an fi samunsa can bakin teku inda ake aikin mai. Tsakanin Sakkwato da Legas kuwa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a mota.

Me ya cije zaren

Da aka warware ril ɗin a tudu, an ga dalilai uku da suka haɗu. Ya zo daga kanti cike da zare har baki, kamar yadda yawancinsu suke zuwa, kuma ba a rage ba. Lokacin da yake naɗewa bayan bincike, yana iyo ne zuwa wajen bulon, zaren ba a miƙe yake ba, ya hau sako-sako, wani madauki kan wani. Sannan laka da ciyawa sun bi zaren sun shiga. Da balan-balan ta fizge shi da gudu, madauki ɗaya ya tsallake gefen faifan ya shige tsakaninsa da ƙarfen mariƙi. Shi ke nan. A ruwa mai haske mutum kan ga madaukin tun kafin ya saki. A Goronyo babu wannan gatan.

Kuskuren tsari a nan shi ne ɗora wa abu ɗaya aiki biyu. Zaren da ya yi minti 25 yana jan ƙasa ba shi ne za a harba da shi ba. Wanda za a harba da shi, a tudu ake naɗe shi a tsanake, da tauri, a bar shi ba a taɓa ba sai lokacinsa.

Maganar ƙugiya

Amma cijewar zare ba ta jan mutum sama. Ko a wurin ƙwararru ril kan cije, abin da ake yi shi ne a buɗe hannu a bar shi ya tafi. Dokar farko da ake koya wa ɗalibi ke nan: kada abin naɗin ya kasance a haɗe da jikinka lokacin harbawa. Matashin ya san wannan sarai, har ya koya wa wasu. To, me ya kai shi?

Tambayar da kawunsa ya yi masa ke nan a bakin ruwa, bayan hankali ya kwanta.

"Yaro, mi yas sa kaɗ ɗamre shi ga jikinka?"

"Kawu, duhu ne. In ya kuɓuce mini ba zan sake ganinsa ba."

"To in ya tafi, mi ya tafi? Kuɗɗi na. Mu da munka gaji ruwa, ko taru in ya nemi ja mu ƙasa sakin shi mukai."

A ganina nan ne cibiyar lamarin, kuma masu sayar da kaya ba za su faɗa maka ba. Tsadar abu tana canza yadda hannu yake riƙe shi. Wanda ya tara kuɗin watanni ya sayi ril, ya san kuma in ya ɓace sai an yi odar wani daga Legas ko ƙasar waje, ba zai saki ba a cikin daƙiƙar da ya kamata ya saki. Ko bai ɗaura a ƙirji ba, zai ƙanƙame. A Ingila, inda ake nutso mai zurfi cikin ruwan sanyi da safar hannu mai kauri, ril yana da dalili mai ƙarfi: yatsu sun daskare, zare yana da tsawo, ana buƙatar birkin da zai riƙe mutum a inda ya tsaya. A ruwan da bai wuce mita 20 ba, ga ɗumi, ga laka, wannan dalilin ya raunana ƙwarai. Ƙwarƙwaro ba shi da lungun da zare zai shige, kuma arharsa tana cikin abin da ke sa shi zama lafiya, domin mutum zai iya buɗe hannu bai ji zafin asara ba.

Ba wai shi ma ba shi da nasa halin ba ne. In ya suɓuce, ƙasa yake nufa yana warwarewa har ƙarshen zaren, sai ka jawo duka kafin ka same shi, in kuma ba a ɗaure gindin zaren da faifan ba, ya tafi ke nan. Sababbi da yawa haka suke zuwa, don haka a warware duka a tudu a duba. Naɗewa da shi tana da jinkiri, tana murɗa zare. Ba a cusa yatsa cikin ramin tsakiya yayin da yake gudu, ana riƙe shi ne sako-sako tsakanin babban yatsa da manuni ya yi ta juyawa. Ana kulle shi da ƙugiya mai baki biyu ta ɗaya daga cikin hujin gefe, wanda ke nufin sai an rage zare har hujin su fito fili. Duk waɗannan abubuwa ne da hannu ke koya, kuma ana iya koyonsu a tsakar gida da ido a rufe kafin a kusanci ruwa.

Tsawon zare kuwa, a ba shi rara. Jan ruwa da iska suna kwantar da shi, ba ya tashi a miƙe, shi ya sa ake so ya kai ninki ɗaya da rabi na zurfin da za a harba. Mai mita 15 a zurfin mita 12 ya yi kaɗan. Mai mita 30 ya wadatar a kusan duk inda za a shiga a tafkin nan. Zaren nailan saƙaƙƙe, kaurin kamar milimita biyu, shi ne na aikin. Igiyar leda da ake shanya da ita tana yawo a saman ruwa ta naɗe mutum, zaren kamun kifi kuma yana yanka yatsa ga shi ba a ganinsa.

Komawa ta biyu

Bayan mako guda aka koma, da tsarin da kawun ya fi sa baki a ciki fiye da mai kayan. Maimakon bulo ɗaya aka haɗa uku, da igiya mai kauri da jarkar lita 25 a sama. Ril ɗin ya koma aikin da ya dace da shi, wato zagayen bincike, an rage masa zare, an yi masa ƙulli duk bayan mita biyu don a san nisa da yatsa. Balan-balan ɗin an haɗa ta da ƙwarƙwaro tun a tudu, an sa a aljihu, an yi ƙulli babba a daidai mita biyar saboda wurin tsayawa, tun da agogon zurfi ba ya karantuwa a wannan ruwan sai an manna shi da gilashin fuska. Wuƙa ɗaya a ƙirji, almakashi a ƙugu, inda kowane hannu zai kai.

Sannan aka ƙara igiyar rai daga mai nutson zuwa hannun kawun a cikin jirgi, da yarjejeniyar fizga: ɗaya lafiya lau, biyu sakar mini, uku na samu, da yawa a jere jawo ni. Wani zai ce ai wannan ma ɗaure kai ne. Bambancin shi ne a ɗaya bakin akwai mutum mai hankali da zai saki ko ya riƙe, ba jakar iska ba. Masu aikin ceto a ruwa mai duhu a ƙasashe da yawa haka suke yi, kuma dattijon bai taɓa jin labarinsu ba.

A nisan mita 14 daga bulon, gwiwarsa ta daki murfin injin. Bai yi gigin ɗaga shi da balan-balan ba, ba aikinta ba ne. Aka sauko masa da igiya dabam ya ɗaura a mariƙin injin, ya koma bulo, ya bi igiyar jarka ya hau a hankali, ya yi tsayuwarsa ta minti uku. Sai da ya shiga jirgi sannan mutum shida suka ja daga kwalekwale biyu da aka haɗa gefe da gefe. Makanike yana jira a bakin ruwa, domin injin da ya kwana a ruwa tsatsa ba ta kama shi sosai sai ya sha iska. In aka fito da shi, ranar nan ake wanke shi a zuba mai a tayar. Ƙwarƙwaron bai fito daga aljihu ba a wannan nutson, kuma haka ake so. Sai bayan an gama ne ya sake shiga a mita biyar ya harba sau da yawa, don samarin wurin su ga yadda ake yi.

Nan wani giɓi ya bayyana wanda ba wanda ya yi tunaninsa. Wani mai kwalekwale da ke wucewa ya hangi abu mai launin ruwan goro a tsaye, ya karkato da injinsa a kunne ya zo dubawa, yana zaton gorar wani ce ta tsinke. Sai da aka yi masa ihu. A teku direbobin jirgi sun san alamar, sun san tutar shuɗi da fari da ke cewa akwai mutum a ƙasa. A Rima alamar jawo mutane take yi. Aka kai maganar gaban Sarkin Ruwan garin, ya sa aka yi shela a mashigar jirage ranar kasuwa: duk wanda ya ga wannan abin ya kashe inji ya yi nesa, kada kuma ya ja zaren.

Maganar mamari ce ba ta ƙare ba. Matashin yana so duk ranar da za a shiga a sa masu shi su ɗebe tun daren jiya, domin zaren da ya tashi a karkace yana iya ratsa layin ƙugiyoyi ya jawo su kan mai hawa. Masu mamarin sun ce abincinsu ne, kuma ba za su yi asarar kamun dare saboda injin wani ba sai an biya su. Mai jirgin ya biya a wannan karon. Sarkin Ruwa ya ce idan neman gawa ne babu maganar biya, kowa ya ɗebe nasa. Na neman dukiya kuwa ya ɗage zaman sai bayan an gama girbi.